Sabon Antoni Janar: mutumin za mu duba ko kujerar?

Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna. Duk lokacin da sabuwar gwamnati ta hau, a kowace ƙasa, hankalin mutane yana tafiya ne kan wa za a ba kuɗi, wa za a ba tsaro, wa za a ba harkokin waje. Kujerar Antoni Janar kuwa sai a bar wa lauyoyi su yi ta tattaunawa a tsakaninsu. Alhali a ganina babu kujerar da ta fi ta kusa da wuyan talaka. Shi ne zai ce a gurfanar da wane, a janye ƙarar wane. Shi ne zai gaya wa shugaba ko dole ne a bi umarnin kotu ko kuwa akwai hanyar zillewa. Jiya muka yi gardama da wani abokina, ya ce muddin aka naɗa lauyan da ya yi suna wajen kare haƙƙin ɗan'adam to a kwanta a yi barci. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. To me ya kamata mu duba idan an sanar da sunan? Barista Rabi, ina fata kina kusa.

Nasiru:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Ni ina tare da abokinka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana shiga kotu don kare 'yan jarida da masu zanga-zanga ba zai wayi gari ya zama mai kulle su ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Nasiru ɗana, ka bari in ba ka labarin abin da muka gani da idonmu. Lokacin da Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, wa ya ɗauko ya ba Ministan Shari'a? Dakta Olu Onagoruwa. Lauya ne da duk mai karanta jarida a wancan zamani ya sani da faɗa da zalunci. Mutane da yawa sun ce tunda wannan ya shiga, lallai sojojin nan da alheri suka zo. Ba a cika shekara ba aka fitar da dokokin soja da suka rufe gidajen jaridu, suka ƙara wa gwamnati ikon tsare mutum ba shari'a, suka kuma ɗaure hannun kotuna. Onagoruwa ya fito fili a Satumban 1994 ya ce ba da saninsa aka yi su ba. Nan take aka sallame shi. Ni ban ce mutumin banza ba ne, ya yi abin da da yawa ba za su iya ba. Amma dokokin sun ci gaba da aiki, jaridun sun ci gaba da zama a rufe. Sunansa ya yi wa gwamnatin amfani a watannin farko, ita kuwa jama'a ba ta samu kariyar da ta sa rai ba.

Barista Rabi:
Ga ni, Malam Habibu. Baba Alhaji ya riga ya taɓo inda zan fara. Kafin mu zo kan mutum, mu fahimci yadda aka gina kujerar, domin a nan rigimar take.

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, irin su Najeriya da Ghana, mutum ɗaya ne yake sanye da hula biyu. A kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 150 ya ce Antoni Janar shi ne babban jami'in shari'a na ƙasa, kuma minista ne a gwamnati. A matsayin minista, ɗan majalisar zartarwa ne, shugaba ya naɗa shi, shugaba zai iya cire shi da safe ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. A matsayin babban jami'in shari'a kuwa, ana son ya zama na kowa, har da wanda gwamnati take ƙi. Sai sashe na 174 ya ba shi iko uku: ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wata hukuma ta shigar, ko ya dakatar da ita a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Sashen ya ce ya yi la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a. To amma wa zai auna ko ya yi la'akarin? Kotun Ƙoli ta amsa wannan tun 1983, a shari'ar Ilori, cewa kotu ba ta da hurumin tambayarsa dalilin janye ƙara. Abin da ya rage a kansa shi ne ra'ayin jama'a da kuma wanda ya naɗa shi.

Ka ga ke nan, mun ba mutum wuƙa da nama, sannan muka sa igiyar wuyansa a hannun wanda ya fi kowa buƙatar a sa masa ido.

Maryam:
Barista, don Allah wannan janye ƙarar, ba ita ce hanyar da ake bi a saki manya ba? Ni duk lokacin da na ji ta sai in ji raina ya ɓaci.

Barista Rabi:
Ana bi ta nan a saki manya, Maryam, ba zan musa ba. Amma ta nan ɗin ake bi a ceci marasa gata ma. Ki tuna ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka kawo yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu bayan kusan wata uku a tsare. 'Yan sanda ne suka shigar da ƙarar. Antoni Janar Lateef Fagbemi ya nemi a miƙo masa fayil ɗin, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, kuma ranar 5 ga wata aka soke tuhumar. Da wane iko aka yi? Da sashe na 174 ɗin nan. Ikon ba shi ne matsalar ba. Tambayar da nake yi har yau ita ce, me ya sa sai da hotunan yaran suka karaɗe duniya? Tuhumar cin amanar ƙasa tana ɗauke da hukuncin kisa. Bai kamata a ce irinta ta isa gaban alƙali ba tare da ta bi ta teburin babban lauyan gwamnati ba.

Issufu:
Salamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Abin da Alhaji ya faɗa mu ma mun gan shi a Nijar. Marou Amadou ɗan gwagwarmayar ƙungiyoyin farar hula ne, an kama shi a 2009 saboda adawa da tazarcen Tandja. Da Mahamadou Issoufou ya hau a 2011 sai ya ba shi Ministan Shari'a, kuma ya daɗe a kujerar har ƙarshen mulkin. A cikin wannan lokaci ne, a Maris na 2018, aka kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, suka yi watanni a gidan kaso. Mutanen da suka san juna a fagen gwagwarmaya ɗaya ne. Ban san abin da ya faɗa a cikin majalisar ministoci ba, wataƙila ya yi magana. Amma mu da muke waje abin da muka gani ke nan.

Tsarinmu kuma irin na Faransa ne, masu gabatar da ƙara suna ƙarƙashin minista. Ita Faransar kanta sai a 2013 ta yi dokar da ta hana minista ba su umarni a kan wata shari'a ta musamman. Zai iya tsara manufa ta gaba ɗaya, amma ba zai ce ku kama wane ko ku ƙyale wane ba.

Nasiru:
To na ji. Amma ku yi adalci mana. Kuna magana kamar Antoni Janar alƙali ne. Lauyan gwamnati ne fa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma akwai maganar tsaro. Ƙasar da ake kashe mutane a ƙauyuka kullum, a kama mutum da hannu dumu-dumu, wani lauya ya zo da wata 'yar dabara alƙali ya ba da beli, gobe ya koma daji. Idan Antoni Janar ya ce a ci gaba da riƙe shi, laifi ya yi? 'Yancin wanda za a kashe gobe fa?

Habibu:
Wannan tambaya ce ta gaskiya, Nasiru, kuma mutane da yawa haka suke ji ko da ba su faɗa ba. Bari mu ji Barista.

Barista Rabi:
Malam Nasiru, ba na raina maganar tsaro, ina da 'yan'uwa a wuraren da ba a barci da ido biyu rufe. Amma akwai abubuwa biyu da ka haɗa.

Na farko, lauyan gwamnati ne, haka ne. Sai dai gwamnati ba ita ce shugaba ba. Albashinsa daga baitulmalin jama'a yake fitowa, rantsuwar da ya yi ta kare kundin tsarin mulki ce. Lauya na gari ma, ko na ɗan kasuwa ne, aikinsa na farko shi ne ya ce wa mai gidansa wannan ba ya halatta, ba wai ya nemo masa hujja bayan ya aikata ba.

Na biyu, idan gwamnati tana ganin alƙali ya yi kuskure wajen ba da beli, doka ta ba ta hanya. Ta ɗaukaka ƙara, ta nemi a dakatar da aiwatar da umarnin har a saurari ƙarar. Idan tana da sabuwar hujja ta shigar da sabuwar tuhuma. Abin da ba ta da shi shi ne ikon cewa na ji umarnin amma ba zan bi ba. Sashe na 287 ya ɗora wa dukkan hukumomi da mutane aiwatar da hukuncin kotuna. Ka dubi Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. An tsare shi daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019. Kotuna daban-daban sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ta ce a 2016 tsarewar ta saɓa doka. Antoni Janar na lokacin, Abubakar Malami, ya fito ya kare ci gaba da tsarewar da hujjar maslahar jama'a. A Agustan 2018 Shugaba Buhari ya tsaya gaban taron ƙungiyar lauyoyi ya ce tsaro da maslahar ƙasa suna gaba da bin doka. Sannan ranar 24 ga Disamban 2019 shi Abubakar Malami ɗin ne ya ba da umarnin a saki Dasuki da Omoyele Sowore, bisa umarnin kotunan da suke nan tun da daɗewa. Ba ina cewa Dasuki ba shi da abin amsawa ba. Ina cewa ne shekara huɗu aka yi ana nuna wa duk wani ɗan sanda a ƙasar cewa takardar alƙali shawara ce kawai. Kuma wanda zai ɗanɗana wannan darasi ba tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba ne, wanda yake da manyan lauyoyi da jaridu. Ɗan acaɓa ne.

Game da waɗanda ka ce an kama da hannu dumu-dumu, ka tuna shari'o'in da aka fara a Kainji a 2017 na waɗanda ake zargi da Boko Haram. An hukunta wasu, amma ɗaruruwa aka sallama saboda babu hujjar da za a iya gurfanar da su da ita, bayan wasunsu sun yi shekaru a tsare. Da an kawo su gaban alƙali da wuri, da an tace mai laifi daga marar laifi tun tuni.

Nasiru:
Maganar Kainji ta shige ni, gaskiya. Amma har yanzu ina ganin a aikace babu Antoni Janar da zai iya ce wa shugaba a'a. A littafi ne kawai.

Alhaji Ɗanjuma:
An yi, ɗana. A Amurka, ranar 20 ga Oktoban 1973, Shugaba Nixon ya umarci Antoni Janar Elliot Richardson da ya kori Archibald Cox, mai binciken badaƙalar Watergate da ta shafi shi Nixon ɗin kansa. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya tafi. Sai na uku, Robert Bork, ya aiwatar. An kori Cox ɗin, amma murabus ɗin mutum biyu a dare ɗaya ya farkar da ƙasar, kuma kafin shekara ta zagayo Nixon ya sauka, a Agustan 1974. Muna samari a lokacin, a rediyo muka bi labarin.

Sadiya:
Tunda an shiga Amurka, bari in kawo abin da ya sa ni daina yarda da tarihin mutum kaɗai, ta fuska biyu.

John Ashcroft, Antoni Janar na farko na George Bush ƙarami, masu kare haƙƙin jama'a sun tsane shi. Shi ne ya tsaya kai da fata a kan dokar Patriot ta Oktoban 2001 da ta faɗaɗa ikon leƙen asirin mutane. Amma a Maris na 2004, yana kwance a asibiti ba shi da lafiya sosai, manyan jami'an fadar shugaban ƙasa biyu suka same shi a gado don ya sa hannu a sabunta wani shirin tatsar bayanan jama'a da ma'aikatarsa ta ce ya saɓa doka. Ya ƙi. Ya nuna musu James Comey, wanda yake riƙon ƙwaryar kujerarsa, shi ma ya ƙi.

Sai ga Eric Holder a 2009, baƙar fata na farko a kujerar, an yi murna, an ce zamanin sansanin tsare mutane na Guantanamo da azabtarwa ya ƙare. Obama ya sa hannu a rufe sansanin cikin shekara ɗaya. Holder ya sanar a Nuwamban 2009 cewa za a yi wa Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001, shari'a a kotun farar hula a New York. Majalisa da 'yan siyasa suka taso, a 2011 aka janye, aka mayar da shari'ar kotun soja. A 2012 shi ne ya tsaya ya kare halaccin kashe ɗan ƙasa a waje ba tare da shari'a ba, bayan an kashe Anwar al-Awlaki, ɗan ƙasar Amurka, da jirgi marar matuƙi a Yemen. A 2013 aka gano ma'aikatarsa ta karɓi bayanan kiran wayar 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP a asirce. Kuma shi ɗin ne dai ma'aikatarsa ta binciki 'yan sandan garin Ferguson ta fitar da rahoto a 2015 da ya tona yadda suke gallaza wa baƙar fata. Mutum ɗaya, duk ya yi waɗannan. Wanda aka ji tsoro ya tsaya a ranar da ta fi wuya, wanda aka sa wa rai ya ba da wani ya hana wani.

Habibu:
To idan haka ne, mafita ita ce a raba hular biyu ke nan? Na san an sha kawo wannan a gyaran kundin tsarin mulki, Ministan Shari'a daban, Antoni Janar daban.

Barista Rabi:
Ina goyon bayan rabawar. Kenya ta yi a kundinta na 2010. Antoni Janar yana ba gwamnati shawara, yana wakiltarta a ƙararrakin da ba na laifi ba. Gurfanar da masu laifi kuwa na Daraktan Gabatar da Ƙararraki ne, mai wa'adi ɗaya na shekara takwas da ba a sabuntawa, ba ya karɓar umarni daga kowa, kuma ba zai janye ƙara ba sai da izinin kotu. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni, domin yana tilasta a faɗi dalili a bainar jama'a.

Issufu:
Barista, ki yi haƙuri in ja da ke kaɗan a nan. A Kenyar, da William Ruto ya ci zaɓe a 2022, cikin 'yan watanni daraktan nan mai cin gashin kansa, Noordin Haji, ya janye ƙararraki da dama da ake yi wa na kusa da sabuwar gwamnati, har da ta zargin almundahana da ake yi wa mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Rigathi Gachagua. Kotu ta amince. A shekarar da ta biyo baya aka naɗa shi shugaban hukumar leƙen asiri ta ƙasa. Ban ce ciniki aka yi ba, shi ya ce hujjojin ne ba su da ƙarfi. Amma wa'adin da ba a sabuntawa bai hana mutum tunanin inda zai je bayan ya gama ba. Ghana ma ta kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman, Martin Amidu ya fara riƙewa a 2018, a Nuwamban 2020 ya ajiye yana zargin katsalandan daga fadar shugaban ƙasa.

Barista Rabi:
Ka yi gaskiya, Malam Issufu, kuma ban ce rabawar magani ce ta kowace cuta ba. Abin da take yi shi ne ta sa katsalandan ya yi tsada kuma ya bar sawu. A Kanada, inda har yanzu mutum ɗaya ke riƙe da hular biyu, Antoni Janar ta lokacin, Jody Wilson-Raybould, ta ƙi sa baki a sassauta wa wani babban kamfanin gine-gine tuhumar cin hanci, aka ɗauke ta daga kujerar a farkon 2019. Abin da ya sa maganar ba ta mutu ba shi ne doka ta tanadi cewa idan Antoni Janar zai ba daraktan gabatar da ƙara umarni, sai a rubuce kuma a buga kowa ya gani. Daga baya kwamishinan ɗa'a ya samu Firaminista na lokacin, Trudeau, da saɓa doka. Ba don mutanen can sun fi wasu tsoron Allah ba ne. Hanyar ɓoyewa ce aka ƙuntata.

Maryam:
Ni abin da ke ba ni takaici shi ne tantancewa a majalisa. Mutum zai riƙe irin wannan iko, a ce masa rusuna ka wuce don ya taɓa zama ɗan majalisa ko don babban lauya ne. Ko tambaya ɗaya ba za a yi masa ba kan ko zai bi umarnin kotu idan shugaba ba ya so.

Sadiya:
Ko an tambaye shi zai ce zai bi, Maryam. Amfanin tambayar shi ne a samu maganarsa a rubuce don ranar da za a tuna masa. Ni da zan samu dama, zan tambaye shi ra'ayinsa kan dakatar da Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da ofishin Antoni Janar ya sanar da cewa za a gurfanar da masu ci gaba da amfani da shi, alhali babu wata doka da majalisa ta yi da ta mayar da hakan laifi. Kotun ECOWAS ta ce a 2022 dakatarwar ta saɓa doka. Zan kuma tambaye shi sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi. An yi masa gyara a 2024, amma gyaran takarda ba ya aiki sai babban lauyan gwamnati ya gaya wa masu shigar da ƙara cewa sukar gwamna ba laifi ba ne.

Zulai:
Ku yi haƙuri, ni ba mai ilimin shari'a ba ce, ina karantawa ne kawai. Duk sunayen da kuka kawo manya ne. Ni ƙanena aka kama a wani samame, aka haɗa shi da tuhumar fashi. Aka kai shi kotun majistare, alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan, a kai shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Wata goma sha tara muna jiran wannan shawarar. Duk zaman kotu sai a ce fayil bai dawo ba. Mahaifiyarmu ta rasu yana ciki. Ranar da shawarar ta fito, layi uku ce, ta ce babu hujjar da za a tuhume shi. Babu wanda ya ƙi shi, babu wanda ya san da shi ma. Takarda ce kawai ta kwanta a kan tebur. Idan kuna lissafin abin da za a auna sabon Antoni Janar da shi, don Allah ku sa wannan a ciki.

Alhaji Ɗanjuma:
Allah ya jiƙan mahaifiyarku, 'yata, ya sa haƙurin da kuka yi ya zama kaffara.

Nasiru:
Amin. Yaya Zulai, wallahi jikina ya yi sanyi. Ɗazu da nake cewa a ci gaba da riƙe mutum, irin ƙanenki ban kawo a raina ba.

Barista Rabi:
Allah ya gafarta mata, Zulai. Abin da kika faɗa shi ne babban ɓangaren aikin, kuma shi ne wanda ba a tambaya a kai. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta ce shawarar lauyan gwamnati ta fito cikin kwana 14 da karɓar fayil, ta hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma ce alƙalan majistare su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata suna duba waɗanda ke tsare. Jihohi da yawa sun yi irin tata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar Antoni Janar ya yi faɗa da shugaba ko gwamna. Lauyoyi isassu yake buƙata, da rajistar da za ta nuna ranar da kowane fayil ya shigo, da mai tambaya idan ya wuce lokaci. Kuma mu tuna yawancin laifuka na jiha ne, don haka kwamishinan shari'a na jiha, wanda ba ma ko sanin sunansa, shi ne fayil irin na ƙanenki yake ƙarƙashinsa.

Habibu:
Akwai misali ɗaya da nake ta jira wani ya kawo, na Gambiya. Da Yahya Jammeh ya tafi a 2017 bayan shekara 22, Adama Barrow ya naɗa Abubacarr Tambadou, wanda ya yi aiki a kotun duniya ta kisan ƙare-dangin Ruwanda. Ya kafa hukumar binciken gaskiya da ta fara zama a Janairun 2019, mutane suka ji da kunnensu yadda aka kashe ɗan jarida Deyda Hydara a 2004. Ya kai Myanmar Kotun Duniya kan 'yan Rohingya. Amma a 2019 ɗin ya saki uku daga cikin 'yan kisan Jammeh da suka amsa laifinsu, ya ce don sauran su samu ƙwarin gwiwar faɗin gaskiya, iyalan waɗanda aka kashe suka yi kuka. A Janairun 2020 kuma, yana kan kujera, aka tarwatsa masu zanga-zangar neman Barrow ya cika alkawarin sauka bayan shekara uku, aka kama sama da mutum ɗari, aka rufe gidajen rediyo biyu. Dokar neman izinin taro da Jammeh ya yi amfani da ita tana nan ba a soke ta ba. Ina girmama mutumin nan ƙwarai, shi ya sa abin ya tsaya mini. Sabuwar gwamnati takan yi saurin binciken zaluncin wadda ta gada, amma takan yi nawa wajen ajiye sandar da aka yi zaluncin da ita.

Zulai:
Barista, akwai wani yaro da suka zauna ɗaki ɗaya da ƙanena, an kama su rana ɗaya. Shi har yanzu yana ciki, iyayensa ba su da halin ɗaukar lauya. Akwai abin da za a iya yi?

Barista Rabi:
Akwai. Ki samo mini cikakken sunansa, lambar ƙarar, kotun da ta tura shi, da ranar da aka fara tsare shi, ki turo mini ta akwatin sirri, kada ki sa a nan. Za mu fara rubuta wa ofishin da fayil ɗin yake mu nemi a fitar da shawarar. Idan ba su amsa ba sai mu nemi belinsa a babbar kotu, ko mu shigar da ƙarar tauye haƙƙi. Akwai kuma hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ga marasa hali, kuma babban jojin jiha yakan kai ziyara gidajen yari yana sallamar irinsu, za mu yi ƙoƙari sunansa ya shiga jerin. Idan kina da kwafin shawarar da ta wanke ƙanenki ki haɗo da ita, tunda samame ɗaya ne za ta taimaka sosai.

Zulai:
Tana nan, na adana ta. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin mahaifiyarsa in karɓo sauran bayanan.